Gran Mogol: Busar Sarewar da Ta Yi Shekara 250 Tana Kwance a Takarda

A ƙasar noman da ta miƙe daga Funtuwa zuwa Bakori, ta bi ta Kafur har Malumfashi, sarewa kayan makiyayi ce. Kaka ce lokacinta. Idan an girbe dawa da masara, an tsince auduga, garke ya sauka a gonaki yana kalar harawa da karmami yana barin taki, a nan ake jiyo ta daga nesa: saurayi ɗaya a gindin itace yana busa wa kansa da shanunsa. Ba a aika mata goron gayyata, ba ta da mazauni a ƙofar fada. Ranar hawan Sallah, in Sarkin Maska ya fito a Funtuwa ko Galadiman Katsina a Malumfashi, algaita da ganguna ke rakiya, don su ke da muryar da za ta keta ƙura da haniniyar dawakai. Muryar sarewa ƙasa-ƙasa take, kalangu ɗaya ya isa ya binne ta.

To, kimanin shekara 300 da suka wuce, a Turai, an ɗauki wannan abin busa mai sanyin murya an tsayar da shi gaban masu goge goma sha wani abu, aka ce shi ne jagora, su kuma su bi. Irin wannan kiɗa sunansa konceto, zamaninsa kuwa shi ne wanda masana ke kira zamanin Barok, daga wajen 1600 zuwa 1750. Tarihin guda ɗaya daga cikinsu zan bayar, wanda wani limamin Katolika mai jan gashi ya tsara a birnin Benis na Italiya, ya raɗa masa sunan sarkin Musulmin Indiya, da alama ya faɗa hannun wani ɗan sarautar Sikotilan, ya ɓace, ba a sake ganinsa ba sai 2010. Amma kafin a kai ga kiɗan sai an biya ta wurin masassaƙa, domin ba don su ba da sarewa ba ta taɓa samun wannan matsayi ba.

Sarewar Turai ta dā itace ne guda da aka huda sambal, faɗin raminsa ɗaya daga sama har ƙasa, da hudojin yatsu shida. A kaikaice ake riƙe ta, a hura iska ta wata huda a gefe, saɓanin tamu mai hudoji huɗu da ake busawa ta baki. Ƙaramarta ce sojoji ke haɗawa da ganga wajen maci. Aibinta shi ne wasu sautuka ba sa fita daidai, in an haɗa ta da goge sai a ji ta kauce. Wajen 1670, a Faransa, zamanin Sarki Luwi na 14, masassaƙan kayan busa da ke yi wa fada aiki, musamman zuriyar Hotteterre, 'yan asalin wani ƙauye a ƙasar Normandi, suka sake mata fasali. Suka raba ta gaɓa uku masu shiga cikin juna, yadda za a iya kankare ramin kowace gaɓa daidai wa daida. Suka sa ramin ya riƙa tsukewa yana gangarawa ƙasa. Suka ƙara huda ta bakwai can inda yatsa ba ya kaiwa, suka yi mata marfin ƙarfe da ƙaramin yatsa ke dannawa. Da wannan marfi ɗaya tak sarewa ta samu sautukan da a dā take tsallakewa, muryarta ta yi taushi, ta iya hawa sama ba tare da ta tsage ba. A 1707 Jacques Hotteterre ya buga littafin koyon busa ta a Faris, aka yi ta sake buga shi har a Holan da Ingila. Wajen 1720 gaɓoɓin suka zama huɗu, ana kuma sayar da ita da gaɓar tsakiya ta canji, doguwa da gajera, saboda kowane gari da inda yake ɗaure tsirkiyarsa: sautin da ya yi daidai a Faris, a Benis ya yi ƙasa. Masu hali kan sa a yi musu ta baƙin itace dangin kanya, a ɗaure mahaɗanta da zoben hauren giwa.

Benis gari ne a cikin ruwa, kan tsibirai fiye da ɗari, kwalekwale ne abin hawansa. Jamhuriyar attajirai ce da ta yi arziki ta hanyar fatauci da Masar da Sham da Daular Usmaniyya. Tun 1621 ta ware wa fataken Turkawa masauki nasu na kansu a bakin babbar mashigar ruwanta. A zamanin da ake magana fataucin ya ja baya, garin ya koma cin abinci da baƙi masu zuwa kallo da sauraro. Cikin abin da suke zuwa saurare har da marayu.

Gidajen jinƙai huɗu ne a birnin suka shahara da kiɗa. Wanda ya shafi labarinmu shi ne Pietà, da aka kafa a 1346 saboda jariran da aka yar. A jikin bangonsa akwai 'yar taga daidai shigar jariri, uwa ta ajiye ta juya ba wanda ya tambaye ta suna. Maza a koya musu sana'a su fita. Mata kuwa, waɗanda aka ga suna da kunne, sai a koya musu waƙa da kiɗa, su shiga ƙungiyar cocin gidan. Ba su da sunan uba, don haka da kayan kiɗansu ake kiransu. Anna Maria mai goge, wadda aka haifa a 1696 ta zauna a gidan har ta rasu a 1782, sunanta ya je ƙasashen da ƙafarta ba ta taɓa takawa ba. A bene suke tsayawa bayan ragar ƙarfe, ana jin su ba a ganin fuskarsu sosai. Ba a tafi a coci, sai masu sauraro su yi ta gyaran murya da goga ƙafa a ƙasa don a san sun yaba. Abin da baƙi ke bayarwa na cikin abin da ke riƙe gidan. Wadda ta samu miji a cikinsu kuwa sai an ɗauki alkawari ba za ta ƙara kiɗa a bainar jama'a ba. Wannan sharaɗi yana ci mini rai: an raini gwanaye tun suna tsumman goyo, sannan an tabbatar gwanintarsu ba za ta amfani kowa ba sai gidan.

A 1703 aka ɗauki Antonio Vivaldi malamin goge a wannan gida, yana da shekara 25, a shekarar da aka naɗa shi limami. Ubansa mai aski ne da ya koma makaɗin goge a babban cocin San Marko. Ɗan bai daɗe yana jan ibada ba ya daina, ya ce ƙirjinsa na toshewa, ciwon da masana ke kyautata zaton asma ce. Aikin nasa ba na dindindin ba ne. Duk shekara kwamitin gidan kan jefa ƙuri'a a kansa. A 1709 suka sallame shi, a 1711 suka dawo da shi. A 1723, lokacin da sunansa ya riga ya cika Turai yana yawan tafiye-tafiye, suka ƙulla da shi ya riƙa ba su konceto biyu kowane wata, ko yana gari ko ya aiko. Da wannan da sauran masu oda ya tara kimanin 500, kusan rabinsu na goge. Wani baƙo Bafaranshe, Charles de Brosses, da ya sadu da shi a 1739, ya ruwaito yana alfaharin cewa yakan gama tsara konceto kafin mai kwafa ya gama kwafe shi.

Maganar kwafa tana bukatar ɗan bayani, don a kanta labarin duka ya rataya. Tun ƙarni na 11, zamanin wani malamin coci mai suna Guido na garin Arezzo, Turawa suka kama rubuta sauti a kan layuka. Zuwa lokacin Vivaldi layukan biyar ne: ɗigon da ke sama sauti ne mai tsawo, na ƙasa mai kauri, siffar ɗigon kuma ita ke faɗin daɗewarsa. Mai tsarawa ya rubuta na kowa a shafi guda, mai kwafa ya ware wa kowane makaɗi nasa. Ta haka mutumin da bai taɓa ganin Vivaldi ba, a garin da Vivaldi bai taɓa zuwa ba, zai iya ɗaga takarda ya busa abin da aka tsara a Benis.

Mutumin Funtuwa ba ya bukatar dogon sharhi kafin ya gane ginin konceto, domin da shi ya tashi a kunne. Garin jirgin ƙasa ne da injin gurzar auduga, inda kuɗin kaka ke jawo makaɗa, kuma nan Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, ya mayar gida kafin rasuwarsa a 1999. Kowa ya san yadda yake yi: a kafa gindin waƙa tun farko, masu kalangu da 'yan amshi su riƙe shi, shi kuma ya saki ɗan waƙa ya yi nisa, ya zaga, ya dawo ya dire a kan gindin, a karɓa masa, ya sake tashi. Haka Vivaldi ya gina nasa. Makaɗa gaba ɗaya, masu ƙananan goge kashi biyu, masu matsakaici, masu manya da ake kafawa a ƙasa, da mai akwatin tsirkiya da ake dannawa da yatsu, su buɗe da gindi mai ƙarfi, mai saurin kama kunne. Sai su ja baya, a bar sarewa da mutum biyu ko uku masu riƙe mata ƙasa, ta kawo ɗanta: gudu, hawa da sauka, karkarwar murya. Sai taro ya dawo da gindin. Sau huɗu ko biyar ana wannan karɓa-karɓa. Wuri biyu suka rabu da Shata. Gindin Vivaldi ba kullum yake dawowa cikakke ba. Wani sa'in kansa kawai za a kawo, wani sa'in ƙarshensa, kuma a wani matakin sauti dabam, sai can a rufewa ya koma inda ya faro. Na biyu, babu kalma ko ɗaya. Ba yabo, ba zambo, ba habaici. Wanda ya saba jiran abin da mawaƙi zai faɗa zai ɗan jima kafin ya saki jiki, amma wanda ya taɓa tsayawa a hanyar gona ya saurari makiyayi ya riga ya san busa tana taɓa zuciya ko ba a furta komai ba.

Yawancin konceto kashi uku ne: mai sauri, mai sanyi, mai sauri. A na tsakiyar ake gane mabushin gaske, don 'yan sautuka kaɗan takarda ke ba shi, saura shi zai ƙawata da kansa. A masu saurin kuwa numfashi ne gwaji. Vivaldi ɗan goge ne, hannun mai goge ba ya tsayawa shan iska, don haka yakan jero wa sarewa dogon gudu babu wurin hutu, shi da numfashi ya hana jan ibada. Mai algaita a wurinmu ya warware wannan tun tuni, yana tara iska a kumatu yana shaƙa ta hanci, busa ba ta yankewa. Mai sarewar Turai na wancan lokaci sai dai ya saci numfashi tsakanin sauti da sauti yadda ba za a ji ba.

Ba da sarewar kaikaice Vivaldi ya fara ba. A Italiya wadda aka fi sani ita ce mai ɗan baki da ake sa wa a leɓe a hura kai tsaye; ta kaikaicen daga Faransa da Jamus ta shigo musu. A 1726 wani matashi Bajamushe gwanin busa, Johann Joachim Quantz, ya sauka a Benis. A 1727 Vivaldi ya ba sarewar wuri a wata waƙa cikin wasan kwaikwayonsa na Orlando. A 1728 gidan Pietà ya sa Ignazio Sieber ya koya wa 'yan matan busa ta. Can Amstadam kuma mai maɗaba'a Michel-Charles Le Cène, wanda ya gaji kamfanin da ya buga wa Vivaldi littafin da ya fito da sunansa a 1711, ya ga kasuwa ta buɗe. Wajen 1729 ya fitar da konceto shida na sarewa na Vivaldi a littafi guda, yana cikin na farko irinsa da aka taɓa bugawa. Biyar daga cikinsu tsofaffin kiɗa ne da ya sake wa riga, ɗaya kaɗai ne sabo. Ni ban ga aibu a nan ba. Mai sana'a ne aka kawo wa oda, ya duba abin da ke hannunsa ya gyara ya bayar, kuma ukun farkon har gobe su aka fi busawa: na guguwar teku, na dare mai ɗauke da fatalwa da barci, da na wani ɗan tsuntsu mai daɗin kuka da sarewa ke kwaikwayo.

Su wa ke saye? A nan al'adarmu da tasu suka yi hannun riga. A ƙasar Hausa sarki ba ya busa, busa masa ake yi. Kiɗan fada sana'a ce ta gado, mai gidajenta da sarautunta, kuma ɗan sarkin da aka gani da algaita a baki ya jawo wa gidansu magana. A Turai ta wancan ƙarni kuwa sarewa ta zama ado ga ɗan babban gida. Babban misali shi ne Firedirik na Furusiya. Yana yarima ya fara ɗaukar darasi wurin Quantz a 1728, ubansa, sarki mai son soja, yana ganin lalacewa ce. Rashin jituwarsu, wadda busa ɗaya ce kawai cikin dalilanta, ta kai yariman ya yi yunƙurin gudu a 1730, aka kama shi, aka sare kan amininsa Katte a kan idonsa. Ya hau karaga a 1740, shekara na zagayowa ya ɗauko Quantz da albashin tala 2,000 na azurfa a shekara. Quantz ya tsara konceto kusan 300, mafi yawansu don sarkin, wanda kan busa su da yamma a gaban makaɗansa. Ɗan sarautar da ke busa yana bukatar takarda, yana da kuɗin saya, yana da ɗakin ajiyar da ba ya yoyo. A ganina wannan ne ya tserar da kiɗan nan har ya iso gare mu, ba wai don ya fi na sauran al'ummu daraja ba.

Vivaldi ya fahimci wannan kasuwa sarai. A 1733 ya gaya wa wani Bature ɗan Ingila, Edward Holdsworth, cewa ya daina ba maɗaba'a kiɗansa, don ya fi samun riba in ya sayar da rubutun hannu, kowane konceto a kan gini ɗaya, kuɗin zinariya na Ingila. Abin da aka buga ɗari-ɗari yana da wuyar ɓata. Abin da aka kwafa da hannu aka miƙa wa mutum ɗaya, ransa na rataye da akwatin mutumin. Gran Mogol ba a buga shi ba a zamanin Vivaldi.

An tsara shi a ƙarshen shekarun 1720 ko farkon na 1730, cikin jerin huɗu masu sunayen ƙasashe: Faransa, Sifen, Ingila, sai Gran Mogol, wato sarkin daular Mugal ta Indiya. Mutanen Benis sun san labarin wannan daula. Wani ɗan garinsu, Niccolao Manucci, ya bar gida yana yaro ya ƙare rayuwarsa a Indiya, ya yi aikin igwa da na magani wurin 'ya'yan sarautar, ya rubuta tarihinsu ya aiko wa majalisar Benis. A idon Turawan lokacin babu sarki mai dukiya kamar na Dilli, ko da yake tun rasuwar Sarki Aurangzeb a 1707 daular ta fara tsagewa, kuma a 1739, zamanin Sarki Muhammad Shah, Nadir Shah na Farisa ya shiga Dilli ya kwashe taskarta. Vivaldi bai taɓa zuwa Indiya ba. Wanda ya saba da sarewar finafinan Indiya, in ya saurari wannan kiɗa yana neman ta ba zai same ta ba, kiɗan Benis ne tsantsa. Da alama sunan na jawo mai saye ne.

Mai sayen, a yadda masu bincike suka fi zato, shi ne Lord Robert Kerr, ɗan babban basaraken Lothian. 'Ya'yan manyan Birtaniya kan yi shekara ɗaya ko biyu suna zaga Faransa da Italiya kafin su kama aiki, su dawo da zane-zane da littattafai. Kerr mai busa sarewa ne, ana kuma ganin a irin wannan yawo ya samo takardun, a shekarun 1730. Daga baya ya shiga soja. Ranar 16 ga Afrilu 1746, a filin Culloden kusa da Inverness, rundunar gwamnati ta kara da mayaƙan tsaunukan Sikotilan masu son mayar da gidan Stuart kan karaga. Yaƙin bai kai awa guda ba. Gwamnati ta yi nasara, amma Kerr, wanda yake hafsa ne a ɓangarenta, yana cikin waɗanda suka kwanta a filin. Kiɗan ya shige cikin takardun gidansu na Newbattle, kusa da Edimbara.

Shi Vivaldi ya riga Kerr da shekara biyar. Kiɗa ya sauya a Benis, rawa ma ta sauya, salon mutanen Nafoli ya karɓe kasuwa. A 1740 ya sayar wa Pietà tarin konceto ya tafi Biyana, da alama yana sa rai da Sarki Shal na 6, wanda ya taɓa karrama shi da sarƙar zinariya a 1728. Sarkin ya mutu a watan Oktoba na shekarar. Vivaldi ya rasu a Yulin 1741, yana da shekara 63, a ɗakin haya a gidan matar wani baduku mai ɗinka sirdi, aka binne shi a maƙabartar asibiti ba wani taro. A wannan shekara ce kuma, a Alƙahira, malamin nan Bakatsine, Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, masanin lissafi da ilmin taurari, ya rasu a gidan Hasan al-Jabarti. Ba su san da juna ba. Na kawo shi ne don dukansu a baƙon gari suka cika, kuma dukansu abin da ya sa ake iya kiran sunansu yau shi ne rubutun hannun da wani ya adana.

Kusan shekara 200 ba a jin kiɗan Vivaldi. Masana kaɗai ke tunawa da shi, su ma don sun tarar Bach, mai tsara kiɗa Bajamushe, ya kwafi wasu konceto nasa yana nazari. Ita kanta sarewar itace mai marfi ɗaya ta kau: a 1847 Theobald Boehm na Munik ya ƙera ta ƙarfe mai marafai a jere, mai ƙarfin murya, ita ce ake gani yau a hannun 'yan badujala.

A 1926 limaman wata makarantar kwana a yankin Monferrato suna neman kuɗin gyaran gini, suka roƙi ɗakin karatu na ƙasa da ke Turin ya yi wa wasu tsofaffin littattafansu kuɗi. Malamin jami'ar da aka ba aikin, Alberto Gentili, ya buɗe ya ga kundi 14 na Vivaldi, mafi yawa da hannunsa. Wani attajiri, Roberto Foà, ya biya a 1927 don tunawa da ƙaramin ɗansa da ya rasu. Lambobin kundayen suka nuna rabi ne kawai. Aka bi sawu har gidan Durazzo a Jenowa, inda rabon gado ya tsaga tarin biyu, a 1930 kuma wani mai masaƙa, Filippo Giordano, shi ma uban yaron da ya rasu, ya sayi ragowar. Kundi 27 suka haɗu a Turin, suna can har yau. Gentili kuwa, da yake Bayahude ne, dokokin wariya na gwamnatin Mussolini ta Italiya suka raba shi da kujerarsa a 1938, shekara guda kafin a yi makon kiɗan Vivaldi na farko a Siena. Gran Mogol ba ya cikin kundayen. Sunansa kawai aka sani, daga jerin kayan gwanjon wani mai sayar da littattafai a birnin Heg na Holan, Nicolaas Selhof, na 1759, inda aka lissafa shi tare da 'yan uwansa uku.

A 2010 Andrew Woolley, mai bincike daga Jami'ar Southampton, yana bin takardun gidan Lothian a ma'ajiyar tarihin Sikotilan da ke Edimbara, ya ci karo da shi. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Sai dai bai cika ba, takardar masu goge na biyu ta ɓata. A nan halin Vivaldi na sake wa tsohon kiɗa riga ya yi rana. Cikin kundayen Turin akwai wani konceto na sarewa da aka daɗe da sani, wanda ba shi da kashin tsakiya. Da aka jera su sai aka ga ashe Gran Mogol ne Vivaldi ya sauƙaƙa, ya ɗaga shi mataki ɗaya. Daga na Turin Woolley ya ciro abin da masu goge na biyu za su kaɗa, na Edimbara kuma ya nuna irin kashin tsakiyar da ɗan uwansa ya rasa.

Kada a ɗauka takarda ta riƙe komai. Saurin da za a bi, kalma ɗaya ko biyu ta faɗa. Ba ta nuna inda za a shaƙi iska ba, ba ta rubuta adon da za a yi wa kashin tsakiya ba. Don waɗannan sai an koma littafin da Quantz ya buga a 1752, wanda ya bayyana har yadda harshe ke motsi a baki wajen yanka sauti, sai kuma masassaƙa sun auna tsofaffin sarewun da ke gidajen tarihi sun ƙera irinsu. Duk da haka abin da ake ji yau busar mutumin yau ce. Yadda 'yan matan Pietà ko Kerr suka busa ya tafi tare da su.

Tamu sarewar akasin haka take. Ba ta da takarda, amma tana da abin da takarda ta kasa riƙewa, don daga baki zuwa baki take tafiya, ƙane na kallon yatsun wansa a bayan shanu. David Ames da ya yi bincike a Zariya da Anthony King da ya yi a Katsina sun sa ta cikin ƙamus ɗin kiɗan Hausa da suka fitar a 1971, amma bayanin abin busa dabam, busar kanta dabam. Gidan rediyon Kaduna, tun kafa shi a 1962, ya naɗi muryoyin mawaƙa masu iyayen gida da kasuwa, su Shata da Ɗanƙwairo, shi ya sa jikoki za su ji su. Makiyayi ba shi da ubangida, ba ya roƙo, da wuya a ga dalilin kai masa na'ura. A Nijar ne Yakuba Mumuni na ƙungiyar Mamar Kassey ya ɗauki sarewar Fulani ya tsayar da ita gaban makaɗa, ya zaga duniya da ita, abin da ya nuna ba sanyin murya ne ya hana ta a nan ba. Hanyar gadon da take bi kuwa ita ce aka datse a 'yan shekarun nan. Tashin hankalin da ya addabi Faskari, Sabuwa, Ɗandume da Ƙanƙara ya kori manoma daga gonakin nesa, ya tarwatsa rugage, ya sa manomi da makiyayi, waɗanda a dā ɗaya ke ba da kara ɗaya ke ba da taki, suna kallon juna da tsoro. An yi asarar rayuka da dukiya, su ne abin kuka na farko. Amma ina jin zafin wannan ma, don in tsara guda ta tashi ba ta koyi busar ba, babu akwatin da wani zai buɗe a Edimbara ya same ta.

Shi Gran Mogol dai, a watan Janairun 2011 ƙungiyar La Serenissima ta Ingila, ƙarƙashin Adrian Chandler, ta gabatar da shi a birnin Perth na Sikotilan, Katy Bircher ce ta busa. Bai kai minti goma ba. An naɗe shi a faifai, a jerin ayyukan Vivaldi kuma an ba shi lamba RV 431a, da ita mai son ji zai nemo shi a intanet. Na Faransa da na Sifen da na Ingila har yanzu ba a gan su ba.